Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin da ake rubuta wa wakilan AI

Wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka ba damar aiwatar da aiki ba amsa tambaya kawai ba, ba ya taɓa komai da kansa. Ba ya shiga rumbun bayanai, ba ya buɗe asusun banki, ba ya tura saƙo. Abin da yake yi shi ne rubuta buƙata: a kira min kayan aiki kaza, wato wata 'yar manhaja mai yin aiki guda, a sa kaza a gurbi kaza. Wata manhaja ce daban take karɓar buƙatar ta aiwatar, sannan ta dawo masa da sakamako. Iyakar abin da ya sani game da kowane kayan aiki kuwa abu uku ne: sunansa, 'yan layukan bayani da mai manhajar ya rubuta, da jerin guraben da za a cike tare da irin abin da kowane gurbi yake karɓa. Bai ga yadda aka gina abin daga ciki ba, ba ya wurin lokacin da aka tsara shi, kuma ba shi da hanyar da zai nemi wanda ya rubuta ya ce masa, "Malam, me kake nufi a nan?"

Kamfanin OpenAI ne ya yaɗa wannan salo a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar Model Context Protocol, wadda aka fi sani da MCP, domin mutum ya gina kayan aiki sau ɗaya wakilai daban-daban su iya amfani da shi, kuma a cikin 2025 OpenAI da Google suka rungume ta. Tun daga nan bayanin da wani ya rubuta a ɗakinsa yana iya faɗawa hannun wakilin da bai taɓa tunaninsa ba.

Abin da ya sa na ga ya kamata a yi wa batun fashin baƙi shi ne yadda nake ganin matasanmu masu rubuta manhaja a nan Zariya, 'yan Samaru da Kongo, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da waɗanda suka gama, suna zuba ƙwazo sosai wajen gina kayan aikin, amma idan aka zo kan bayaninsa sai a rubuta layi ɗaya a wuce. Idan wakilin ya yi shirme kuma sai a ce ai ƙwaƙwalwar AI ɗin da ke bayansa ce ba ta da ƙarfi, a koma neman wata mafi tsada. Sau da yawa laifin yana cikin layin nan ɗaya. Wakilin kamar baƙo ne mai kaifin basira da ya sauka garin jiya, aka miƙa masa 'yar takarda aka aike shi kasuwar Sabon Gari: duk abin da takardar ba ta faɗa ba zai cike shi da zato, kuma zai yi zaton ne da abin da ya saba gani a garinsu.

A ce wani shagon kayan noma ya sa wakili yana amsa wa manoma a WhatsApp. An ba shi kayan aiki huɗu: duba_farashi, duba_kaya, yi_oda, da mayar_da_kudi. Ba kuskure ba ne da aka rubuta kudi ba ƙugiya, tsarin OpenAI da na Anthropic ba sa karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunan kayan aiki, sai haruffan boko na gama-gari da lambobi da ɗan layi (_ ko -). Shi mayar_da_kudi bayaninsa ya ce: "Yana mayar wa abokin ciniki kuɗinsa." Guraben biyu ne, adadi da lamba. Wanda ya rubuta ya karanta ya ga komai a fili yake, domin sauran bayanin yana cikin kansa.

To, adadi a naira ko a kwabo? Paystack, tsarin biyan kuɗi ta intanet wanda ɗimbin masu manhaja a Najeriya suke amfani da shi, yana karɓar adadin kuɗi ne a kwabo, wato naira 5,000 ana rubuta ta 500000. Idan kayan aikin yana miƙa adadin kai tsaye ga irin wannan tsari, wakilin kuma ya sa 5000, naira 50 za ta isa wa manomin. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne akasinsa: mai manhajar ya riga ya sa lissafin mayar da naira kwabo a ciki, wakilin kuma, saboda ya saba da cewa tsare-tsaren biyan kuɗi da ƙaramin ma'auni suke aiki, ya ninka da ɗari tun kafin ya miƙa. Naira 500,000 ke nan ta fita a maimakon 5,000, kuma babu wata ƙararrawa da za ta buga, domin a idon kwamfuta lamba ce ingantacciya aka sa a gurbin lamba.

Gurbi na biyu ma haka. Lambar asusun banki a Najeriya goma ce. Lambar waya sha ɗaya ce, BVN sha ɗaya, NIN ma sha ɗaya. Ga kuma lambar oda ta shagon. Manomi yana iya turo biyu ko uku daga cikinsu a saƙo ɗaya, kuma ƙirga tsawonsu kaɗai ba zai raba ukun nan masu sha ɗaya ba.

Ga yadda bayanin zai kasance idan an ba shi haƙƙinsa: "Yana mayar da kuɗin odar da aka riga aka biya, zuwa asusun da aka biya da shi. A yi amfani da shi ne kawai bayan abokin ciniki ya nemi a mayar masa, kuma an karanta masa adadin ya amince. Ba a amfani da shi wajen soke odar da ba a biya ba, ko yin ragi. Adadi a naira ne, ba a kwabo ba: naira dubu biyar ita ce 5000. Kuɗi idan sun fita ba sa dawowa, kuma kira biyu yana nufin biya biyu." Gurbin lamba kuma a sauya masa suna ya koma lambar_oda, a nuna misalin yadda take. Kowace jimla a nan ta toshe wata kafa ce ta zato, kuma jimlar da ta faɗi inda ba a amfani da abin ita ce aka fi mantawa da ita.

Matakin farko na aunawa shi ne karatu. A ɗauki bayanin a tambaye shi: ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, da lokacin da ake kiransa, da lokacin da ba a kira? Kowane gurbi an faɗi ma'auninsa da siffarsa? An faɗi abin da zai dawo da shi, da abin da ba zai dawo da shi ba? An faɗi ko yana sauya wani abu a duniya ko dubawa kawai yake yi? Jagorar Anthropic ta ba da shawarar kada bayani ya gaza jimla uku ko huɗu, ta OpenAI kuma ta ce a gwada tunanin ko sabon ma'aikaci zai iya amfani da kayan aikin idan abin da aka ba wakilin kaɗai aka ba shi. Wannan gwaji yana da kyau, da sharaɗin a nemo mutum na gaske wanda bai san aikin ba, a ba shi takardar, a yi shiru. Duk tambayar da ya yi, wani abu ne da bayanin bai faɗa ba. Marubucin bayanin shi ne mafi raunin alƙali a kansa.

Yanzu ana yawan miƙa bayanin ga wata ƙwaƙwalwar AI a ce ta ba shi maki bisa irin waɗannan tambayoyi. Yana da amfani idan kayan aikin suna da yawa, yana saurin tsamo waɗanda aka bari tsirara. Amma ban yarda a tsaya nan ba. Irin wannan alƙali an san shi da karkata ga rubutu mai tsawo da tsari, kuma ba shi da hanyar sanin ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Bayani yana iya cewa naira alhali manhajar kwabo take ɗauka, ya kuma cinye makin duka. Kyawun rubutu daban, abin da rubutun yake sa wakili ya aikata daban, kuma na biyun ne ake nema. Gani ya kori ji: sai an sa wakilin aiki an ga abin da ya yi.

A nan ne aikin gaske yake, kuma a nan ne mu da muke gina wa Hausawa manhaja muke da nauyin da babu wanda zai ɗaukar mana. Ana tara saƙonni irin waɗanda mutane suke turowa da gaske, kowanne a rubuta a gefensa abin da ya kamata wakilin ya yi. Saƙon da mai manhaja ya ƙirƙira yana zaune gaban kwamfuta yakan zo da tsabta, da kalmomin da ke cikin bayanin kansa, don haka wakilin zai ci jarrabawar ba tare da an koyi komai ba. Manomi daga Giwa ko Soba ba haka yake rubutu ba. Zai ce, "Slm Alhaji, nawa ne buhun kamfa yanzu?" A rumbun shagon kuwa abin da aka rubuta NPK 15-15-15 ne. Shin duba_farashi ya san kamfa, ko sai an ba shi sunan da ke jikin buhu? Idan bai sani ba, dole bayanin ya faɗa wa wakilin ya sauya sunan kafin ya nema, in ba haka ba sakamako zai dawo babu komai, wakilin ya ce wa manomin babu taki, alhali buhuna na jibge har rufi. Haka idan wani ya rubuta Kofar Doka ba ƙugiya, a rumbu kuma Ƙofar Doka aka rubuta, kwamfuta haruffa biyu mabambanta take gani sai in an koya mata ta haɗa su, kuma bayanin ne zai shaida wa wakilin wanne aka yi.

Sai wurare. "A kawo min Tudun Wada." Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano, haka Sabon Gari. Idan bayanin yi_oda bai ce shagon yana kai kaya ne cikin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kaɗai ba, wakilin ba shi da dalilin tantancewa. Sai lokaci: jibi, gata, bayan La'asar, ranar kasuwa. Kayan aikin yana son kwanan wata a rubuce da lambobi, to wanne ke gaba, rana ko wata? 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Agogon Najeriya kuma yana gaba da agogon duniya na UTC da awa ɗaya, don haka odar da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare tana iya shiga rumbu da kwanan watan jiya.

Daga irin waɗannan saƙonni ake duba abubuwa daban-daban, kuma bai kamata a cuɗe su a maki ɗaya ba: ko wakilin ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike guraben daidai, ko ya tsaya ya yi tambaya a inda bayanin manomin bai cika ba a maimakon ya ƙirƙiro lamba. Kowanne da maganinsa. Kuskuren zaɓi yakan fito daga jimlar farko ta bayanin ko daga suna, kuskuren cikewa kuma daga bayanin guraben.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne ko wakilin ya san lokacin da bai kamata ya taɓa komai ba. Teburin gwaji na Berkeley Function Calling Leaderboard, wanda masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 2024, ya ware sashe musamman ga wannan: a ba ƙwaƙwalwa kayan aikin da babu wanda ya dace da tambayar, a ga ko za ta haƙura. A wurinmu abin ya fi haka laushi. Manomi zai ce, "In Allah ya yarda bana buhu goma zan ɗauka." Duk Bahaushe ya san wannan niyya ce, ba oda ba. Wani zai ce, "Malam, ganyen masarata ya fara yin ruwan ɗorawa, me ya kamata in sa?" Shawara yake nema. Wakilin da bayanin yi_oda ya ce masa kawai "yana yin odar kaya" yana iya ganin sunan kaya da adadi ya zarce. Ya kamata kaso mai tsoka na saƙonnin gwaji su kasance irin waɗannan, waɗanda amsarsu daidai ita ce kada a kira komai.

Gwaji ɗaya kuma ba hujja ba ne, domin waɗannan ƙwaƙwalen ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum. Kamfanin Sierra ya fitar da wani ma'auni a 2024 mai suna tau-bench, wanda yake duba halin da rumbun bayanai ya ƙare a ciki bayan hira, ba daɗin bakin wakilin ba, yana kuma maimaita aiki ɗaya sau da yawa ya ga ko za a ci duka. A sakamakonsu GPT-4o, ƙwaƙwalwar kamfanin OpenAI, bai kai cin rabin ayyukan ba, kuma a ɓangaren ciniki, ayyukan da ya ci sau takwas a jere ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Lissafin ma mai sauƙi ne: abin da ake ci sau tara cikin goma, damar a ci shi sau takwas a jere kusan kashi 43 ce cikin ɗari. Ga shagon da yake karɓar saƙonni da yawa a rana lokacin damina, wannan kuskure ne na kullum.

Idan an zo gyara, a sauya abu ɗaya a sake gwadawa, don a san wace jimla ce ta yi aiki. A kuma ɓoye wasu saƙonnin kada a duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe, saboda mai gyara yana iya yi wa bayanin faci iya saƙonnin da ke gabansa, ya ci su duka, sabon saƙo ya zo ya kayar da shi. Sannan a zauna a karanta hirarrakin da wakilin ya gaza a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Maki yana nuna cewa akwai matsala, amma sai a cikin hirar ake ganin inda wakilin ya kauce.

Ba a auna bayani shi kaɗai. duba_farashi da duba_kaya kowanne yana iya zama lafiyayye, amma idan aka jera su, tambayar "akwai yuriya?" ta rasa inda za ta faɗa. Dole kowanne ya ambaci iyakarsa da maƙwabcinsa, ko kuma a haɗe su su zama ɗaya, wanda sau da yawa shi ya fi. Yawan kayan aiki ma yana da farashi: duka bayanan ana tura su ga ƙwaƙwalwar tare da kowace buƙata, suna cin wuri suna cin kuɗi, kuma da dala ake biya.

Wani lokaci kuma babu jimlar da za ta gyara abin, kayan aikin ne yake buƙatar gyara. Anthropic sun ba da labari a Disamban 2024 cewa wajen gina wakilinsu na SWE-bench, gwajin gyaran manhaja, sun ɓata lokaci a kan kayan aikin fiye da kan babban umarnin da ake ba wakilin, kuma da suka ga yana kuskure wajen nuna inda fayil yake, sai suka sa kayan aikin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshin fayil, matsalar ta kau. Darasin ya shafi misalinmu kai tsaye. Maimakon a roƙi wakili ya tuna naira ce, a sa wa gurbin suna adadi_a_naira, kuma manhajar ta ƙi biyan abin da ya wuce kuɗin odar. Saƙon kuskure ma ɓangare ne na bayanin. "An samu matsala" ba ya koya wa wakili komai. "Lambar oda shida ce, an ba ni sha ɗaya, wataƙila lambar waya ce" yana sa ya gyara nan take.

Akwai kuma tambayar amana, ga wanda yake ɗauko kayan aikin wasu daga intanet ya jona wa wakilinsa. Wakili yana ɗaukar bayanin kayan aiki tamkar umarni. A watan Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, wanda mai amfani ba ya gani a fuskar manhajarsa amma wakilin yana karantawa, har ya kwashi fayilolin sirri ya miƙa. Sun kuma yi gargaɗin cewa ana iya sauya bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi. MCP tana da alamomin da mai kayan aiki zai sa ya nuna cewa abinsa dubawa kawai yake yi, ko yana iya goge abu, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su idan ba a yarda da inda suka fito ba. Saboda haka auna bayanin wani ya haɗa da karanta shi cikakke kamar yadda wakilin zai gan shi, da gwada ko abin da ya ce yana yi shi yake yi, da ajiye kwafinsa don a gane ranar da ya sauya.

Ana yawan tambaya ko da Hausa za a rubuta bayanin ko da Turanci. Waɗannan ƙwaƙwalen sun fi ƙoshi da Turanci, kuma rubutun Hausa yakan fi cin wuri a lissafinsu. Ra'ayina shi ne a rubuta gundarin bayanin da harshen da gwaji ya nuna ya fi aiki, amma kalmomin da masu ciniki suke faɗa, kamfa, yuriya, buhu, tiya, mudu, su shiga ciki da ma'anarsu ko da wane harshe aka zaɓa. Saƙonnin gwajin kuwa babu zaɓi a kansu, da Hausar da ake turowa za su kasance, da gajerce-gajercenta da rashin ƙugiyarta. Wanda zai rubuta amsa daidai a gefen kowane saƙo ba mai manhajar ba ne, yaron shagon ne da ya saba amsa wayar manoma, shi ya san wanda ya ce "a ajiye min biyar" oda ya yi ko zai leƙo ne idan ya shigo gari. Duk ranar da shagon ya kawo sabon kaya, ko aka sauya ƙwaƙwalwar da ke bayan wakilin zuwa sabon fitowa, waɗannan saƙonnin ake sake bi da su daga farko kafin a buɗe wa manoma layin.